Kofi Ba Sukari a Garin Rake

A San Cirilo idan aka ce ƙwallo, ba wadda ake shuri da ƙafa ake nufi ba. Besbol ake nufi, ta jifa da kulki. Wasa ne na zagaye tara, a kowane zagaye sai mai jifa ya fitar da masu kulki uku. Kuma duk wanda ya yi wayo a garin nan tsakanin 1961 da 1991, a bakin mutum ɗaya ya saba jin ta, wato Don Eleuterio Zamudio, wani gajere mai tumbi da gashin baki kamar tsohuwar tsintsiya, wanda Allah ya ba shi murya amma bai ba shi murfi ba.

Tun yana ƙarami cikinsa ba ya riƙe magana. Uwarsa soyayyen kifi take sayarwa a mashigar jirgin fito, bakin kogin Papaloapan, shi kuma yana zaune a gefe. Da mai saye ya miƙa hannu sai ya ce, "Kawu, kar ka ɗauki wannan, na jiya ne." Duka kam ya sha shi ba adadi, bai daina ba. Ba mugunta ba ce. Abin da idonsa ya gani ne kawai ba ya samun wurin zama a cikinsa, sai ya fito.

Da ya girma ya yi tallan maganin tsutsar ciki da lasifika a bayan wata tsohuwar mota, har mai kemis ɗin da ke ba shi maganin ya buɗe gidan rediyo a saman shagonsa, ɗaki ɗaya da fanka ɗaya. A shekarar ne ƙungiyarmu ta 'Yan Rake ta shiga gasar ƙwararru ta garuruwan bakin kogi, aka shiga neman wanda zai riƙa kawo wasa kai tsaye. Mai kemis ya ce ai ga wanda ba ya gajiya da surutu nan, a ba shi, ko mu ma mu huta. Aka kafa masa ɗan akurkin katako a saman rumfar 'yan kallo, da kujera biyu da makirufo, ya hau bai sauko ba sai bayan shekara talatin.

Ƙa'idar aikinsa ɗaya ce, kuma ya faɗa wa duk wanda ya tsaya, har da wanda bai tsaya ba: "Mai sauraro ba shi da ido. Ni ne idonsa. Abin da na gani, haƙƙinsa ne." To ya kuwa bayar da haƙƙin nan har da gyara. Zai gaya maka yadda mai jifa ya murza ƙwallo a tafinsa, da yadda mai kulki ya tofa yawu, da karen da ya ratsa fili, da wandon alƙalin wasa da ya yage ta baya. Sau ɗaya ya ce, "Ga Don Fulgencio mai aski can a layi na uku tare da matarsa, ta sha sabuwar riga ja," alhali matar Don Fulgencio tana gida tana guga da rediyo a gabanta. Kwana goma mai askin ya yi yana kwana a shago.

Amma in ana maganar iya aiki, a bar wa Eleuterio kayansa. Idan ɗan wasanmu ya maka ƙwallo ta haye katanga, kogi ne a bayan katangar, sai ka ji ya ja numfashi ya saki: "Ta tafi kogi! A gai da kifaye!" Masu yankan rake a gona, da rediyo rataye a wuya, sai su ɗaga adda sama suna ihu. Ya bi ƙungiyar nan a tsohuwar bas zuwa kowane lungu, yana cin wake da gurasar masara a tsaye. Ranar da mutanen garin Boca Vieja suka hana shi akurkinsu don ƙeta, kan bishiyar mangwaro ya hau da doguwar waya, ya kawo zagaye tara cif, yana yi yana sanar da adadin tururuwan da suka shige masa wando.

Abokinsa guda ne a duniya, Nicanor Uscanga, mai jifar 'Yan Rake. Dogo ne, bahago, wanda zai iya wuni bai ce uffan ba. Tare suka taso suna jifan mangwaro, Nicanor yana jifa, Eleuterio yana ba da labarin jifar. Ko da Nicanor ya je neman auren Remigia, Eleuterio ne ya yi duk maganar, har uban yarinyar ya tambaya wai cikinsu wane ne mai son. Da aka haifi ɗan fari, Hilario, Eleuterio ne ya riƙe jaririn a coci ranar baftisma. Daga ranar suka zama kompadre, wato uban yaro da wanda ya riƙe masa shi a coci, Remigia kuma komadre, kuma a wurinmu wannan zumunci ya fi na jini wuyar warwarewa.

To akwai wata al'ada ta ƙwallo da ko jariri ya sani. Idan mai jifa ya fara cinye zagaye bayan zagaye, ba wanda ya yi masa bugun da ya kai shi ko zangon farko cikin zangunan da mai kulki ke bi da gudu in ya buga, to ba a faɗa. Sifili yana nan a kan allo, a gurbin adadin bugu, kowa yana gani, amma baki a rufe. Abokan wasansa ma matsawa suke daga kusa da shi a benci, kamar mai ƙyanda. Abin yana da kunya, da an ambaci sunansa sai ya gudu. In mutum ya kai ƙarshen zagaye na tara a haka, an gama, sunansa ya zauna har jikoki. A San Cirilo ba a taɓa yi ba.

Wata Lahadi da la'asar, a watan Fabrairun 1968, 'yan ƙungiyar Masuntan Boca Vieja suka zo mana, Nicanor yana jifa. Zagaye na biyar ya wuce, sifili. Na shida, sifili. Fili ya yi tsit, mai sayar da gyaɗa ma raɗa yake yi. A cikin akurki kuwa Eleuterio yana fama da ransa. Ya yi maganar gajimare. Ya yi tallan sabulu sau huɗu a jere. Ya cusa hankici a baki yana taunawa tsakanin jifa da jifa, gumi yana bin gashin bakinsa.

Aka shiga zagaye na tara. Nicanor ya fitar da mutum na farko, ya fitar da na biyu. Saura ɗaya, kuma wanda ya rage ɗin wani ramamme ne, Pascasio, wanda ya fi wata guda bai taɓa ƙwallo ba, kulkin ma kamar ya fi shi nauyi. Eleuterio ya leƙa ƙasa ya ga abokinsa tsaye shi kaɗai a tsakiyar fili. Ya tuna shi ba takalmi a gindin mangwaro. Wani abu ya taso masa daga ƙirji, ya ture hankicin gefe.

"Jama'a, kompadrena ne! Kompadrena Nicanor! Zagaye tara ba wanda ya taɓa shi! Ko bugu ɗaya babu!"

A lokacin ƙananan rediyon hannu sun shigo, rabin 'yan kallo suna riƙe da su a kunne. Maganar ta fito ta bakin rediyo ɗari uku lokaci guda, cikin filin da ko tari ba a yi. Nicanor ya ɗaga kai ya dubi akurki. Ya daɗe yana duba. Sannan ya juya ya yi jifa. Pascasio ya runtse ido ya kai duka, ƙwallo ta ɗan tashi a gajiye kamar kazar da aka kora, ta faɗa bayan mai tsaron zango na biyu, inda ba kowa.

Mun ci wasan nan uku da nema, amma ba mai tunawa. Abin da ake tunawa shi ne a cikin amalanken mai ƙanƙara aka fitar da Eleuterio daga fili, an lulluɓe shi da buhu.

Kafin Litinin ya sami sabon suna, Kambun Baka. Mata masu ciki suka riƙa tsallake titi in sun hango shi. Masunta suka roƙe shi don Allah kada ya ƙara cewa gari ya yi kyau yau. Ya yaba wa wata maƙwabciya cewa aladenta ya yi ƙiba, da aladen ya kama zawo sai ga ta a ƙofar gidansa da muciya. Wani mai neman kujerar magajin gari ya aiko masa da kwandon jatan lande, wai ya taimaka ya yabi abokin hamayyarsa a rediyo. Mu mutanen San Cirilo ba mu da kunya, gaskiya: muna gudun mutumin da safe, da la'asar kuma mu manna kunne a rediyo, don ba wanda ya iya kawo wasa kamarsa.

Duk wannan bai dame shi ba. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai, Nicanor ya daina yi masa magana.

Bai zage shi ba, bai kai masa hannu ba. Shiru kawai. Bayan shekara biyu kafaɗarsa ta gaza, ya bar ƙwallo, ya buɗe shagon kofi a bakin kasuwa shi da Remigia. Ranar da aka buɗe, Eleuterio ne farkon shiga. Ya zauna ya ce, "Barka da arziki, kompadre." Nicanor ya zuba kofi baƙi ƙirin ya dire masa, ya ɗauke gwangwanin sukari daga teburin ya mayar can saman kanta. A garin da hayaƙin injin rake ke shiga hancin kowa, a garin da ko akuya ta gaji da zaƙi, aka hana mutum cokali ɗaya. Eleuterio ya shanye, yana yamutsa fuska, ya ce ya gode.

Washegari ya dawo. Jibi ma ya dawo. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru. Shi yana zuba labari, wanda ya mutu, wanda ya haihu, wanda kulkinsa ya karye, Nicanor yana goge kofuna. In magana ta zama dole, sai ta bi ta kan matarsa.

"Remigia, gaya wa wancan rediyon ya ɗauke ƙafarsa, zan yi shara."

"Kompadre, ka ji."

"Na ji, komadre. Ki ce masa tsintsiyar ta yi kyau."

"Remigia, ce masa kar ya yabi tsintsiyata, sabuwa ce."

Casilda, matar Eleuterio, ta gaji da abin. Wata rana ta ce, "Tsoho, wai kai ba ka da zuciya ne? Ga kofi a gidanka, ga sukari buhu guda. Kullum sai ka je an wulaƙanta ka?"

Ya ce, "Tsohuwa, ranar da na daina zuwa, ranar ce na rasa shi. Yanzu ai fushi kawai yake yi."

"Shekara goma sha ɗaya?"

"Dogon mutum ne. Komai nasa yana daɗewa kafin ya sauko."

Dariya ya mayar da maganar, amma Casilda ta san abin yana cin sa. Sau da yawa ya shirya abin da zai faɗa, yadda abin ya taso masa a ranar, yadda ba shi ya aiki bakin ba. Da ya buɗe baki sai Nicanor ya shige bayan shago. Mutumin da ya yi wa gari guda bayanin komai, ya kasa yi wa mutum ɗaya bayanin abu ɗaya.

Daga baya ciwon sukari ya kama Nicanor, idonsa ya fara dushewa. A nan ne Eleuterio ya sami dama ta yin shiru, ya kuma ɓarar da ita. Ya dubi abokinsa cike da tausayi ya ce, "Ka gani ko, kompadre? Sukarin da kake hana ni ne ya taru a jikinka." Remigia ta rantse wannan magana ita kaɗai ta ƙara shekara biyar.

Hilario kuwa ya girma ya zama dogo kamar ubansa, bahago kamar ubansa, ya kuma gaji jifar 'Yan Rake. Yaron kirki ne, duk inda ya haɗu da Eleuterio sai ya cire hula ya ce, "Baba, a sa mini albarka," sannan ya ƙara a hankali, "amma a cikin zuci." Nicanor bai taɓa zuwa kallonsa ba. Tun 1968 bai sake taka fili ba, rediyo kuma ya haramta shi a gidansa da shagonsa. Ranar da Hilario ke jifa, sai ya zauna a bayan shago yana tsintar wake da lalube, har a tashi a zo a gaya masa yadda aka ƙare. Zuwa lokacin idon ya rufe gaba ɗaya.

A 1991 likita ya leƙa maƙogwaron Eleuterio ya ce ya isa haka. Aka sa ranar wasansa na ƙarshe, wata Lahadi da la'asar. Masuntan Boca Vieja ne suka zo, Hilario yana jifa. Eleuterio ya sa farar rigarsa ta zuwa coci, ya shirya jawabin ban kwana shafi shida.

Bai kai ga karanta ko layi ɗaya ba. Zagaye na huɗu, sifili. Na biyar, sifili. Sai kawuna suka fara juyowa ɗaya bayan ɗaya, ba wajen allo ba, wajen akurki. Tsofaffin mata suna yin alamar gicciye. Mai kemis, wanda ya tsufa tukuf, ya aiko da filasta naɗi guda ba tare da wani bayani ba. Magajin gari ya aiko a ce masa gari ya gode da hidimarsa, in yana so ya tafi gida ya huta tun yanzu ba komai.

Eleuterio bai tafi ba, bai kuma faɗa ba. "Jama'a," in ji shi, "an gama zagaye na shida. Akwai lambobi a kan allo. Lambobi ne masu kyau, zagayayyu. Ba zan ce komai a kansu ba. Ku sayi sabulu."

A zagaye na bakwai ne ya tuna da Nicanor. Ya hango shi a ransa zaune a bayan shago, tire a cinya, yana laluben tsakuwa a cikin wake, ɗansa kuma yana nan yana yin abin da shi ya kusa yi. In aka gama aka je aka gaya masa, labari kawai zai ji. In kuma aka faɗa yanzu, an kashe abin. Eleuterio ya share gumi, ya matso da makirufo.

"Ga sanarwa. Duk wanda ke kusa da shagon kofi na bakin kasuwa, ya gaya wa komadre Remigia ta sauke tukunya, ta kamo hannun mijinta ta kawo shi fili. Yanzu-yanzu. Kada a tambaye ni dalili, ba ni da dalili. Iska ce kawai mai daɗi ake yi a nan, ya kamata dattijo ya sha."

Mutum fiye da ashirin suka ruga shagon. Suka ɗora Nicanor a keken mai ƙanƙara, yana ta tambaya, "Me ya faru? Yaron ya ji ciwo ne?" Ba wanda ya amsa, sai turawa suke. Da suka iso, fili ya cika maƙil, har kan katanga mutane ne. Kujera ɗaya tak ta rage a filin nan, wadda shekara ashirin da uku ba mai yarda ya zauna a kanta, ta kusa da Kambun Baka. Remigia ta ja mijinta suka hau tsanin, ta zaunar da shi, ta tsaya a bakin ƙofa.

Ana shiga zagaye na tara ke nan. Nicanor ya ji ƙamshin man gashin da ya sani, ya ɗaure fuska.

"Remigia, tambayi wancan rediyon, me ya sami yarona?"

Remigia ta riga ta ga allo. Ta toshe bakinta da hannu biyu.

"Hilario ya ɗaga ƙafa," in ji Eleuterio a makirufo, "ya saki. An buga sama, sama, mai tsaron tsakiya yana ƙarƙashinta, ya cafe. Mutum ɗaya ya fita."

Ba ihu, ba tafi. Nicanor ya karkata kai yana sauraren shirun. "Remigia! Da ke nake!" Ya miƙa hannu yana lalube, ya taɓa bango, ya taɓa waya, ya kamo hannun riga. Ya riƙe. Ya daɗe yana motsa baki kamar mai neman kalmar da ya ajiye ya manta inda take.

"Eleuterio," ya ce. "Kompadre. Ba ni da ido. Me ke kan allo?"

Shekara ashirin da uku Eleuterio yana jiran muryar nan ta kira sunansa, sai ga ta zo da tambayar da ba ta amsuwa. Ga makaho a gabansa yana neman haƙƙinsa, ga yaron da ya riƙe a coci can a ƙasa. Hawaye suka zubo masa. Ya cije leɓe har ya ji gishirin jini. Sai ya kama hannun Nicanor, ya buɗe tafin, ya sa ɗan yatsa ya zana masa da'ira, a hankali, ya rufe ta ruf.

"Zagaye na nawa?" Nicanor ya tambaya da raɗa.

Eleuterio ya danna masa yatsa a tafi sau tara.

A ƙasa Hilario ya yi jifa uku, mai kulki ya kai duka uku ya sami iska. "Mutum biyu sun fita," in ji Eleuterio, da ƙyar ake jin sa. "Saura ɗaya. Ba ni da abin cewa. Sabulu."

Numfashin Nicanor ya sauya. Eleuterio ya san wannan numfashin, ya juyo da sauri zai toshe masa baki, amma gajere ne, ɗayan kuma ya riga ya miƙe tsaye, kansa har yana bugun rufin kwano. Ya cakumi farar rigar Eleuterio da hannu biyu ya girgiza shi.

"Ɗana ne! Ɗana ne, kompadre! Zagaye tara ba su taɓa shi ba! Ko bugu ɗaya babu!"

Makirufo a buɗe yake.

Maganar ta fito ta kowace rediyo a fili, ta kowace taga a San Cirilo, har gonakin rake. Hilario ya ɗaga kai ya dubi akurki. Sannan ya juya ya yi jifa. Aka ji ƙas, ƙwallo ta bi ƙasa tana tsalle, ta ratsa tsakanin masu tsaro biyu ta wuce abinta, mai kulki ya isa zangon farko yana haki. Mai kula da allo ya sauke sifilin ya rataya ɗaya.

Nicanor ya koma ya zauna a hankali. Ba sai an gaya masa ba, ya san ƙarar.

"Ni na faɗa?"

"Kai ka faɗa."

"Ban yi niyya ba. Wallahi ban yi niyya ba. Daga nan ya taso." Ya dafa ƙirji. "Kafin in ankara ya fita."

"Na sani."

"Dama haka yake fitowa?"

"Haka yake fitowa, kompadre. Shekara ashirin da uku ina so in gaya maka, kana shigewa bayan shago."

Duk wannan gari yana ji, don ba wanda ya tuna ya kashe makirufo. Can wani a layin baya ya fashe da dariya, na kusa da shi ya kama, kafin ka ce me fili gaba ɗaya ya ɗauka, wasu suna dariya suna share ido. Hilario ya cire hula ya ɗaga wa akurki, ya girgiza kai, ya mayar da hularsa ya fitar da mutum na ƙarshe da jifa uku. Jawabin ban kwana shafi shida yana aljihu. Abin da Eleuterio ya iya faɗa kawai shi ne, "Mun ci biyu da nema. Ni da kompadrena za mu sauka, a riƙe mana tsani."

Washegari da safe ya nufi shagon kofi kamar kullum. Ya tarar masu ciki yanzu shagon ma gaba ɗaya suke kewayewa, wani masunci kuma ya leƙo ya roƙi dattawan biyu don Allah kada ɗayansu ya ce komai game da kogi. Nicanor ya zuba kofi ya dire masa. Sannan ya juya, ya miƙa dogon hannunsa saman kanta yana lalube, ya sauko da gwangwanin sukari.

Ya zuba cokali ɗaya. Ya zuba na biyu, rabi a kofi rabi a tebur. Na uku, na huɗu. Remigia ta ce, "Tsoho, ya isa mana." Bai kula ta ba. Sai da ya zuba bakwai, ya juya da cokali da ƙyar, ya tura kofin wajen da yake jin numfashin abokinsa.

Eleuterio ya kurɓa. Gaskiyar magana, a shekara ashirin da ɗaya na baƙin kofi harshensa ya riga ya saba da ɗaci, a gida ma ya daɗe da daina sa sukari. Wannan abu kuwa ba kofi ba ne, madi ne mai kauri, har haƙoransa suka amsa. Maganar ta taso masa kamar yadda ta saba, ta zo har bakin leɓe. Ya dubi Nicanor, wanda ya karkato da kai yana jira, sukari duk a yatsunsa.

"Ya yi?" in ji Nicanor.

"Ya yi, kompadre," in ji Eleuterio. "Daidai."

Ya ɗaga kofin ya shanye tas, har da na ƙasan.